Ilmin Tsare Albarkar Ƙasa Ba Abin Rainawa Ba Ne

Kowace shekara, sa'ad da Jami'ar Tarayya ta Dutse ta fid da sunayen waɗanda ta ɗauka, akan ji magana iri ɗaya a zaurukan Yalwawa da sauran unguwannin garin. Wanda ɗansa ya sami likitanci ana yi masa barka. Wanda kuwa aka ba ɗansa karatun gandun daji da namun daji, sai a ce ya yi haƙuri, baɗi yaro ya sake jarrabawa. Mu dai a ganinmu wannan kuskure ne babba, ya kuwa kamata a gyara shi.

Shin mene ne wannan ilmi? Shi ne sanin ƙasa da ruwa da itatuwa da ciyawa da kifi da namun daji, da sanin yadda jama'a za su ci amfaninsu ba tare da sun ƙare ba. Ba baƙon abu ba ne, gama tun 1963 Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen koyar da aikin daji. Yanzu ga shi ya zo ƙofar gida, a jami'ar da aka kafa a Dutse cikin 2011.

Kowa ya dubi kogin Haɗeja zai gane bukatarmu gare shi. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Tun daga nan tafiyar ruwa ta sake. Malalar da takan rufe fadamun Haɗeja da Nguru kowace damina ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta sami ruwan da ba ya ƙafewa, ta toshe hanyoyi. Sai ga ruwa ya ƙi zuwa inda masunta da manoman shinkafa ke jiransa, ya koma yana kwanciya inda ba a so. A fadamun nan ne dajin Baturiya yake, wanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu daraja na duniya a 2008, inda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai su yi hunturu. Ambaliyar 2022 kuwa, wadda ta ci gonaki da gidaje a jihar nan, ba mu manta da ita ba. Gyaran irin wannan sai wanda ya san halin ruwa da na ƙasa.

A arewa kuma, wajen Maigatari da Ɓaɓura da Birniwa, rairayi ne ke matsowa, ga masu itacen girki da masu gawayi suna sara ba dare ba rana. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Jigawa kuwa tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Amma dasa itace aikin yini ɗaya ne, renonsa shi ne aikin shekaru, nan ne kuwa akan rasa ma'aikata masu sani.

Akwai abin koyi wajen 'yan'uwanmu na Maradi. Daga wajen 1983 manoma can suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, suna sassabe shi ya zama itace. Da suka tabbata itacen nasu ne, ba na hukuma ba, sai abin ya bazu har ya kai wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Dattawanmu sun san malamin daji na zamanin En'e da kamu da tara. Wanda muke bukata yau shi ne mai zama da manomi da makiyayi, ya san amfanin gawo a gona, ya san inda burtali ya bi.

Ba mu ce iyaye ba su da hujja ba. Tambayarsu ita ce, in yaro ya gama ina aiki? Lalle wannan tambaya tana wuyan hukuma. Na farko, Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi su riƙa ɗaukar waɗannan yara, su ba su kula da gandun daji da burtali da mashaya. Na biyu, jami'a ta riƙa tura su ƙauye su yi watanni, kada a yaye mai digirin daji wanda bai iya bambanta kirya da marke ba. Na uku, su kansu ɗaliban su sani ba ofis kaɗai ne wurin cin abinci ba. Ga tashar binciken dabino a nan Dutse, ga ƙaro, ga kiwon kifi da zuma, ga renon dashe don sayarwa.

Tafkin Chadi ya janye a gaban idon iyayenmu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka wanda aka ba ɗansa wannan karatu, barka ta kamace shi, ba jaje ba. Allah ya sa mu gane, amin.