Korar Koci Ba Za Ta Warkar da Ciwon Nebraska Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci wa mutanen jihar Nebraska ta ƙasar Amurka, inda nake zaune, tuwo a ƙwarya. Wannan al'amari kuwa shi ne taɓarɓarewar ƙungiyar ƙwallo ta jami'ar jihar, wadda ake wa laƙabi da Cornhuskers, da yadda magoya baya kan tashi haiƙan suna cewa a kori koci duk sa'ad da aka sha kaye.

Da farko dai, don kada mai karatu ya ruɗe, ba ƙwallon ƙafa irin wanda muka saba da shi nake nufi ba. Wannan ƙwallon Amurkawa ne, mai siffar ƙwai, wanda ake runguma a ruga da shi, ko a jefa wa abokin wasa, 'yan wasa na sanye da hular kwano suna bangazar juna. 'Yan wasan ɗalibai ne na jami'a, kuma wasa 12 kacal ake yi a kaka kafin wasannin ƙarshe, saboda haka kowace faɗuwa tana da ciwo. Ita kuwa Nebraska, mai mutane kimanin miliyan 2, ba ta da wata babbar ƙungiyar ƙwararru, don haka wannan ta jami'a ita ce ta kowa da kowa, daga manomin masara har ma'aikacin banki. Tun daga shekarar 1962, duk wasan da aka sayar da tikitinsa a filin Memorial da ke birnin Lincoln sai tikitin ya ƙare ƙarƙaf, har a 2024 aka cika wasa 400 a jere. Filin kuma yana cin mutum fiye da dubu 80. Ka ga mutanen da suka riƙe amana haka, in sun yi fushi ba wanda zai ce ba su da hujja.

To, mene ne ya kawo fushin? A da, wannan ƙungiya ita ce dodon sauran jami'o'i. Ta zama zakaran ƙasa har sau 5: a 1970 da 1971 ƙarƙashin Bob Devaney, sannan a 1994 da 1995 da 1997 ƙarƙashin Tom Osborne. Amma tun daga 1999 ko kofin rukuninta ba ta sake ɗauka ba. Daga 2017 zuwa 2023 kuwa, shekara 7 cur, kowace kaka faɗuwarta ta fi nasararta yawa. Yaron da aka haifa bayan kofin ƙarshe ya girma har ya yi aure, labari kawai yake ji a bakin iyayensa.

Malam Edita, ga inda nake so jama'a su tsaya su yi lissafi. Daga 1962 zuwa 1997, shekara 36, koci 2 kacal ƙungiyar ta yi. Daga 1998 zuwa 2022 kuwa an ɗauki koci 5, kuma dukkansu korarsu aka yi. Frank Solich, wanda ya gaji Osborne, ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na neman zakaran ƙasa a kakar 2001. Shekara biyu bayan haka, a 2003, ya yi nasara a wasa 9 ya sha kaye a 3, amma aka sallame shi, wai ƙungiya na ja da baya. Aka ɗauko Bill Callahan daga gasar ƙwararru, ya zo ya watsar da salon gudu da ƙwallo wanda aka san Nebraska da shi shekara da shekaru, ya kawo salon jifa. A shekararsa ta farko, 2004, aka ci 5 aka faɗi 6, abin da rabon da a gani tun 1961. Wannan shi ne an gudu ba a tsira ba.

Sai Bo Pelini ya karɓa a 2008. Mutum ne mai zafin zuciya, kowa ya sani, amma a shekara 7 da ya yi babu kakar da bai ci aƙalla wasa 9 ba. Shi ma a 2014 aka kore shi yana da 9 da 3, daidai da Solich. Wanda ya biyo shi, Mike Riley, ya yi shekara 3, ya ci 19 ya faɗi 19. Haba jama'a! Sau biyu ke nan aka raina mai cin 9, kuma sau biyun aka koma abin da bai kai 9 ba.

Daga nan aka ce to, bari a nemo ɗan gida. Scott Frost haifaffen jihar ne, shi ya jagoranci 'yan wasa a cikin fili lokacin da aka ci kofin 1997, ga shi kuma a 2017 ƙungiyar da yake horarwa a jihar Florida ta buga wasa 13 ba a cinye ta ko sau ɗaya ba. Aka tarbe shi kamar ango, aka ba shi kwantiragin shekara 7 a kan dala miliyan 35. Abin da ya biyo baya sai dai a ce Allah Ya kyauta: ya ci 16 ya faɗi 31. A 2021 ya faɗi wasa 9, kuma babu ko ɗaya da aka ba shi tazarar maki 10, wato kullum sai an ga alamar nasara sannan ta suɓuce. A watan Agusta na 2022, a birnin Dublin, Nebraska na gaban Northwestern da ci 28 da 17, sai koci ya sa aka yi wani ɗan gajeren bugu na kasada don a sake ƙwace ƙwallo. Abokan karawa suka cafke, wasa ya juya, aka tashi 31 da 28. Ita Northwestern ɗin kuwa ba ta ƙara cin wani wasa ba a wannan kaka.

Wani zai ce, to, ai ga shi da bakinka ka nuna akwai kocin da ya cancanci kora. Haka ne. Ba na cewa a zauna da kowa har abada. Mutumin da aka ba shekara 4 da 'yan kai bai taɓa gama kaka da rinjaye ba, ya ci rabonsa. Amma dubi yadda aka yi korar. An sallami Frost ranar 11 ga Satumba, 2022, washegarin faɗuwa a hannun Georgia Southern, aka biya shi dala miliyan 15 kuɗin sallama, alhali da an jira 1 ga Oktoba da kuɗin ya ragu zuwa miliyan 7 da rabi. Kwana 20 kawai! An yi haƙuri da shi shekara 4, an kasa haƙurin kwana 20. Ka ga wannan ai aikin fushi ne, kuma shi ne ciwon da nake magana a kai.

Abin da masu ihu ke mantawa shi ne, shi kansa Osborne da ake kafa misali da shi bai ci kofin ƙasa ba sai a kakarsa ta 22. Babbar abokiyar hamayya, Oklahoma, ta cinye shi sau 5 a jere kafin ya rama a 1978. Daga kakar 1987 zuwa ta 1993 ya faɗi wasan ƙarshen kaka sau 7 a jere. Da an yi masa abin da aka yi wa Solich, wa zai kawo kofunan nan 3? A shekarunsa 5 na ƙarshe ya ci wasa 60 ya faɗi 3 kacal. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Dalilin a fili yake. Kowane sabon koci yakan zo da mataimakansa da salonsa, sai ya tarar da yaran da wani ya ɗebo don wani salo dabam. Kafin ya tara nasa su goge, shekara 3 ko 4 sun wuce, lokacin kuma an fara kiran a kore shi. Ga shi tun 2021 an sauƙaƙa wa ɗalibi sauya jami'a, an kuma ba shi damar samun kuɗi da sunansa, don haka da zarar koci ya tafi sai gwanayen yara su tattara nasu ya nasu su bi wata hanya. Sannan a 2011 jami'ar ta koma rukunin Big Ten, ta rage zuwa wasa a jihar Texas inda take samun yara masu hazaƙa. Ba a kan koci kaɗai abin ya tsaya ba: kujerar daraktan wasanni, mai ɗaukar koci da korarsa, mutum 6 suka hau ta tsakanin 2002 da 2024. In mai ɗauka ba ya zama, yaya wanda aka ɗauka zai zauna?

Matt Rhule, wanda aka naɗa a ƙarshen 2022, ya ci 5 ya faɗi 7 a 2023, sannan ya ci 7 ya faɗi 6 a 2024, ya kai ƙungiyar wasan ƙarshen kaka karo na farko tun 2016, aka kuma yi nasara. Na san wannan ba zai ƙosar da wanda ya ga zamanin Osborne ba. Amma a tuna, a jami'ar Baylor wasa 1 tak ya ci a 2017, sai ga shi a 2019 ya ci 11.

Saboda haka ina kira ga hukumar jami'a da ta daina rubuta kwantiragin da zai sa a biya mutum miliyoyi don ya kasa aiki. Ta faɗa wa koci abin da take so a gani shekara bisa shekara, ta ba shi lokacin da aka yi alkawari, ta auna shi da wannan ma'auni, kada ta auna shi da hayaniyar rediyo ta daren Asabar. 'Yan uwana magoya baya kuma, a yi fushi, a faɗi gaskiya, amma a tuna waɗanda ake wa ihu a fili yara ne 'yan shekara 19 ko 20, masu jarrabawa a gabansu. Kafin a ce a kori wane, a fara tambaya: wa za a kawo, kuma shekara nawa za a ba shi?



Naka mai karanta jaridarka kullum,
Wani magoyin bayan ƙungiyar,
Lincoln, Nebraska, Amurka.