Hawan Mataki a Wasannin Intanet: Gudu Ko Rarrafe?

Duk wanda ya taɓa buga RuneScape ya san wani lissafi da ke sa sabon shiga ya riƙe baki: mataki na 92 shi ne rabin hanyar zuwa mataki na 99. Ba zolaya ba ce. Kafin mutum ya kai na 99 a wata sana'a a cikin wasan, saran itace ne ko kamun kifi ko ƙira, sai ya tara maki 13,034,431, kuma ranar da ya taka na 92 abin da ke hannunsa miliyan shida da rabi ne da 'yar ɗoriya. Wahalar da ya sha daga na 1 zuwa na 92, ita zai sake sha a matakai bakwai da suka rage. Kamfanin Jagex na Ingila ya fitar da wasan a 2001, kuma har gobe akwai masu kwana suna saran itacen nan don su samu alkyabbar da ake ba wanda ya kai 99.

Ga mai karatun da bai san dawan garin ba, bari in ɗan share fage. Waɗannan wasanni ne da dubban mutane ke shiga duniya guda ta intanet a lokaci ɗaya, kowa da jaruminsa. Ka fara ba ka da komai, sai 'yar sanda da tsumma. Ka kashe dodo a ba ka maki, a aike ka ka cika aike a ƙara maka. In maki ya cika ka hau mataki na gaba, ƙarfinka ya ƙaru, a buɗe maka sabuwar dabara da sabon yanki. Tsarin ya girmi intanet ɗin da muke amfani da ita. Daga Dungeons & Dragons aka gado shi, wasan takarda da alƙalami da ya fito a Amurka a 1974. Gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin 'yan wasa ita ce: hawan nan ya kamata ya ɗauki mako ne, ko wata, ko shekara?

Mutanen farko ba su san sauri ba. A farkon EverQuest, wanda ya fito a 1999, in dodo ya kashe ka sai a zaftare maka makin da ka sha wuya ka tara, har kana iya faɗowa daga matakin da ka hau. Kayanka kuma suna can jikin gawarka, sai ka tako tsirara ka ratsa dajin da ya halaka ka kafin ka ɗauko su. Masu sihiri a wasan, in ƙarfinsu ya ƙare, zama suke yi su ƙura wa littafi ido har ya dawo, ba sa ma ganin abin da ke gabansu. Azaba ce, babu wani kwaskwarima. Amma a wannan zaman jiran ne mutane suka riƙa hira, suka san juna, suka kafa ƙungiyoyin da wasu suka shekara goma tare. Da wuya mutum ɗaya ya iya hawa shi kaɗai, saboda haka wanda ya yi rashin mutunci yau, gobe ba mai ɗaukarsa cikin ayari. Masu begen wancan zamani, in ka saurare su da kyau, ba wahalar suke bege ba. Mutanen da wahalar ta haɗa su da su suke tunawa.

World of Warcraft ya zo a ƙarshen 2004 da sassauci, shi ya sa ya kwashe kasuwa har masu biyan kuɗin wata suka kai miliyan 12 a 2010. Duk da haka kaiwa mataki na 60, wanda shi ne ƙarshe a lokacin, aikin watanni ne ga mai sana'a ko ɗalibi. Da ƙafa kake yawo har mataki na 40 kafin ka samu abin hawa, in ma kana da zinaren saye. Daga nan kamfanin Blizzard, mai wasan, ya shiga ɗora bene kan bene: 70 a 2007, 80 a 2008, 85 a 2010, 90 a 2012, 100 a 2014, 110 a 2016, 120 a 2018. Kowane sabon hawa yana nisanta sabon shiga daga inda jama'a suke, don haka dole aka riƙa rage makin da ake buƙata a ƙasa. Abin da ya biyo baya abin dariya ne da ban haushi. Sai ka shiga yanki, ka fara bin labarinsa, kafin ka kai tsakiya ka riga ka fi ƙarfin wurin, dodannin da ya kamata su ba ka tsoro suna faɗuwa da bugu ɗaya. Ka hau mataki biyar ba a ba ka ko sabuwar dabara ɗaya ba. Lambar tana ƙaruwa, kai kuwa kana nan yadda kake. A 2020 kamfanin da kansa ya sallama, ya matse matakan, mai 120 ya wayi gari a 50, aka mayar da ƙarshe 60.

Shekara guda kafin haka wani abu ya faru da ya kamata masu ƙera wasanni su riƙe. A Agustan 2019 Blizzard ya dawo da tsohon wasan yadda yake a farko, da sunan Classic, da tafiyar ƙafarsa da jan ƙafarsa duka. Mutane suka yi cincirindo har ana jiran sa'o'i kafin a samu shiga, a wasu wuraren ma jarumai suka ja layi a cikin wasan suna jiran dodo guda ya sake fitowa kowa ya kashe nasa. Jagex ma ya riga ya ga irin wannan: a 2013 ya farfaɗo da RuneScape na 2007 da sunan Old School, kuma tsohon ya zo ya fi sabon jama'a. Ruwa ba ya tsami banza. Da sauri ne kaɗai abin da mutane ke nema, da ba wanda zai bar mota ya koma tafiyar ƙasa da kuɗinsa.

To amma kada masu son rarrafe su yi saurin tafi. Akwai tambayar da ba su cika son a yi ba: wa ke cin ribar jinkirin? Wasan da ake biyan kusan dala 15 kowane wata, duk watan da ka ƙara a hanya kuɗi ne a aljihun kamfani. Ku dubi Guild Wars na 2005, wanda ba a biyan kuɗin wata. Matakansa 20 ne kacal, ka gama su cikin 'yan kwanaki, sauran wasan kuma ya koma kan iya zaɓen dabaru da haɗa kai da abokai. Ban ce kowane jinkiri makirci ba ne, amma mai sayar da lokaci ba zai so ka isa da wuri ba.

Abin ya fi muni da aka fara sayar da tsallake. A 2014 Blizzard ya sa farashin dala 60 ga wanda yake so a ɗaga jaruminsa kai tsaye zuwa mataki na 90. Final Fantasy XIV ma yana sayar da irin wannan, har da na tsallake labari. EVE Online na ƙasar Aisland, wanda a cikinsa ƙwarewa ke ƙaruwa da tafiyar agogo ko kana wasa ko kana barci, ya shigo da allurar ƙwarewa ta sayarwa a 2016. A nan ne nake tsayawa da ƙafa biyu. Kamfanin da ya gina hanya, sannan ya ce ka biya shi don kada ka bi ta, ya shaida da bakinsa cewa hanyar ba ta da daɗi. Kuma daga ranar da tsallake ya zama haja, ba shi da sauran dalilin gyara hanyar, domin kowane rami da ke cikinta ciniki ne. Wasannin waya na kyauta sun fi kowa gwanancewa a nan: kwana biyun farko ana yi maka ruwan matakai, sai ka saba, sannan a ja birki a nuna maka shago.

Shi kansa mai sayen bai tsira ba. Kamar wanda ya sayi lasin tuƙi ne bai taɓa riƙe sitiyari ba, takarda ta ce direba ne, titi kuma zai faɗi gaskiya. Za a miƙa masa jarumi mai dabaru talatin a jere, bai san wacce ake fara dannawa ba. Ya shiga kogo da mutum huɗu, shi ne mai warkarwa, kowa ya mutu, a zage shi a kore shi. Matakan da ya tsallake makaranta ce. A nan ake ba ka dabara ɗaya, a bar ka da ita har ta zauna a yatsunka, sannan a ƙara maka wata.

Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya dace, kuma ba a agogo yake ba. Mataki ya zo lokacin da ɗan wasa ya gama narkar da abin da matakin baya ya ba shi. In ya zo kafin haka, an yi gaggawa. In mutum ya riga ya iya, amma aka tsare shi yana kashe kura ɗari biyar iri ɗaya don kawai sandar maki ta cika, an ci zalinsa. Saboda haka matakan farko su zo da sauri, a zama ɗaya mutum ya hau biyar ko goma, ya ɗanɗana ya ga ko wasan nasa ne. Tsakiya ta yi nauyi, domin a nan ake sanin duniya da mutanenta, kuma a nan ya kamata mutuwa ta yi ciwo kaɗan. Matakai kuma su zama kaɗan masu ma'ana. Gara arba'in da kowanne ke canza yadda kake wasa da ɗari biyu na ƙidaya kawai.

Wanda kuma ya taɓa kaiwa ƙarshe ya dawo da jarumi na biyu, a sakar masa mara. Ya riga ya ga labarin, ya san hanya, ba abin da zai koya a maimaici. A ninka masa maki kyauta, ladan tafiyarsa ta farko ke nan.

Babbar hujjar masu son gudu ita ce abokai. Abokinka ya shekara biyu yana wasa, kai yau ka shigo, in sai ka yi wata uku kafin ku haɗu a fage ɗaya, to za ka gudu tun kafin lokacin. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai an daɗe da samo maganinta ba tare da an rushe tsani ba. City of Heroes tun 2004 ya bar babba ya ɗauki ƙarami a matsayin mataimaki, ƙarfinsu ya kusanci juna. Guild Wars 2 na 2012 yana rage ƙarfin babba in ya sauko yankin ƙanana, kuma ya tsaya a mataki na 80 bai taɓa ƙarawa ba duk da sababbin babukan da ya fitar. Final Fantasy XIV har lada yake ba tsofaffin hannu in suka shiga tsohon kogo tare da sababbi. In ana iya wannan, hujjar tura kowa sama a guje ta faɗi.

Akwai kuma wani labari da nake so, domin yana nuna yadda rabin gardamar nan a cikin kai take. Lokacin gwajin World of Warcraft, an tsara cewa in ka daɗe kana wasa makin da kake samu zai ragu zuwa rabi. Masu gwaji suka yi ca. Sai masu ƙera wasan suka juya maganar ba tare da sun taɓa ainihin lissafin ba: abin da a da ake kira cikakke ya zama garaɓasar wanda ya huta, rabin kuma ya zama na yau da kullum. Kowa ya yi murna. Har yau in ka ajiye jaruminka a masauki ka tafi harkokinka, kana dawowa maki ninki biyu na jiranka na wani lokaci. Gwamnatin Sin ta ɗauki hanyar bulala a 2007, ta sa a rage wa 'yan ƙasa da shekara 18 maki zuwa rabi bayan sa'a uku, a hana su gaba ɗaya bayan biyar. Ni dai na fi son ta garaɓasa, domin tana rage tazara tsakanin mai aiki da wanda ba shi da abin yi sai wasa.

Wannan tazarar ta fi shafar mu fiye da Bature. Matasanmu sun fi sabawa da Free Fire da PUBG da wasan ƙwallo, inda ake gama zagaye cikin mintuna, amma masu leƙa irin waɗannan dogayen wasanni suna ƙaruwa, musamman tun da irin su Old School suka sauko kan waya a 2018. Sa'a guda ta ɗan wasa a Kano ko Maraɗi ba ɗaya take da ta ɗan Landan ba. Akwai kuɗin data a cikinta, akwai cajin waya a shago, akwai sabis da ke yankewa ana tsakiyar faɗa. Wasan da ke neman sa'a dubu na maimaici ya riga ya rufe mana ƙofa, wanda ke sayar da tsallake da dala kuma ya rufe ta sau biyu. Wanda ya dace da mu shi ne wanda minti arba'in a cikinsa ke da amfani: ka shiga, ka gama wani abu, ka fita, kuma rashin zuwanka jiya bai zama laifi ba.

Don haka ga ƙannena masu wasa, da iyayen da ke biya musu data, kafin ku zuba watanni a kowane wasa ku buɗe shagonsa ku duba tukuna. In kun ga ana sayar da maki ko tsallaken mataki a shafin farko, ku sani an rage gudun wasan ne da gangan don ku gaji ku biya. Ku goge shi ku nemi wani, suna da yawa.