Dillalin da ba ya fita kasuwa

A unguwanninmu na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, idan aka ce wane ma'aikaci ne, abin da kowa ke nufi shi ne mutumin da ke fita da safe, ya nufi biro ko kasuwa ko gona, ya komo da marece a gajiye. Wanda rana ta yi tsaka yana cikin ɗaki kuwa, ba mu da wani suna gare shi illa ɗan zaman kashe wando. To ga shi zamani ya kawo wata sana'a wadda mai yin ta ba ya taka ko ƙofar gida, kuma wasu daga cikin ƴaƴanmu da suka gama jami'a ba su samu aikin gwamnati ba sun fara shiga cikinta. Turawan Ingila da Amurka na taƙaita sunanta da haruffa uku, SEO, Faransawa na ce mata référencement. Mu dai a nan za mu kira mai yin ta dillalin intanet, domin aikinsa shi ne ya haɗa mai haja da mai nema. Ra'ayinmu shi ne, sana'a ce ta gaskiya da ta cancanci a girmama, amma kuma wanda zai shige ta ya kamata ya san irin kasuwar da ya kasa kayansa.

Bari mu fara da kasuwar. Kamfanin Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a Amurka a shekara ta 1998, shi ne ke amsa kusan tara cikin goma na binciken da ake yi a intanet a duniya. Na'urorinsa na bin shafuka dare da rana suna karantawa suna ajiyewa. Idan mutum ya rubuta abin da yake nema, sai su jero masa amsoshi. Wasu na sama talla ne da aka biya kuɗi, kuma an yi musu alama. Sauran ba a sayen gurbinsu, lissafin kamfanin ne ke zaɓa. Dabarar farko da ta ɗaukaka Google ita ce ƙidaya shafukan da ke nuni zuwa ga wani shafi, kamar yadda ake auna mutum da yawan dattawan da za su yi masa shaida. Kowa ya san halinmu: abin da ya fito a fuskar farko shi muke dubawa, da wuya mu leƙa ta biyu. Ke nan ɗan kasuwar da shafinsa ke can baya daidai yake da mai rumfa a lungun da ba mai bi. Aikin dillalin shi ne ya matso da rumfar bakin hanya.

Yaya wuninsa yake? Da safe kafin rana ta yi zafi, yayin da takwarorinsa ke neman kabu-kabu, shi kwamfuta yake buɗewa. Abu na farko, ya duba rajistar da Google ke bai wa mai shafi kyauta, wadda ake kira Search Console, ya ga mutum nawa aka nuna wa shafin abokin cinikinsa, nawa suka shiga, da waɗanne kalmomi suka zo, wane shafi ne ya hau, wane ne ya sauka. Wannan duba shi ke faɗa masa ko yau ranar kwanciyar hankali ce ko ta fargaba.

Daga nan sai farautar kalmomi, kuma a nan ne gwaninta take. Mu ɗauki mai gidan saukar baƙi a Damagaram. Baƙon da ke tahowa daga Faransa zai rubuta Zinder da Faransanci, ɗan kasuwar Kano zai iya rubuta Damagaram da Hausa ko Zinder da Ingilishi, kuma kowannensu da abin da ya dame shi: wannan na tambayar nisan wurin da fadar Sarki, wancan na tambayar ko akwai wurin ajiye mota. Haka Niamey da Yamai, haka Tahoua da Tawa. Akwai kuma matsalar haruffanmu masu lanƙwasa, domin mafi yawan masu salula ba su da ƙ da ɗ da ɓ a allon rubutunsu, sai su rubuta kasa alhali ƙasa suke nufi. Dole dillalin ya san yadda mutane ke rubutu da gaske, ya tsara bayanin shafi yadda zai amsa musu tambayarsu ba tare da ya lalata harshe ba.

Da hantsi sai ya koma bakanike. Hoton da ya yi nauyi har shafi ya ƙi buɗewa da wuri, ya rage shi. Hanyar da ta mutu, wadda idan an latsa ba ta kai mutum ko'ina, ya gyara ta. Ya gwada shafin a kan ƙaramar salula, domin tun shekara ta 2015 Google ya fara fifita shafukan da ke karantuwa da kyau a waya. Bayan azahar ya shiga rubuta wasiƙu ga masu jaridu da ƙungiyoyi yana neman su ambaci abokin cinikinsa, kuma mafi yawansu ba za su ko amsa ba. Idan mai ba shi aiki a Paris yake, da sauƙi, tun da agogonmu ɗaya da su a lokacin sanyinsu, awa guda ce tsakani a lokacin zafinsu. Idan kuwa a New York yake, inda muka riga su da awa 5 ko 6, to sai bayan la'asar magana ke soma kankama, ta kai har dare. Ƙarshen wata ya rubuta rahoto, ya bi bashin ladansa, ya nemi sabon ciniki tun kafin na hannu ya ƙare. Ba albashi, ba hutu, ba mai biyansa idan ya kwanta ciwo.

Duk wannan a cikin gida irin namu, inda ba a rufe ƙofa ga baƙo. Uwa za ta aike shi kasuwa tun da ai yana nan, maƙwabci zai shigo gaisuwa, ƴan fada za su aiko cewa shayi ya nuna. Wani ma zai yi raɗa cewa yaron nan da ke kwana gaban na'ura kuma kuɗi na shigo masa daga waje, damfara yake yi. Wannan zato shi ya fi ciwo, kuma shi ne muke so jama'a su daina yi ba tare da hujja ba.

Za a iya cewa, to ai aikin nasa wayo ne kawai, yaudarar na'ura don a tura kayan wani gaba. Ba mu musanta cewa akwai masu yin haka. Akwai masu cika shafi da kalma ɗaya sau ɗari, akwai masu sayen shaidar ƙarya daga shafukan bogi. Amma tarihin sana'ar ya nuna ƙarshen irin wannan hanya. A watan Fabrairu na 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga jerinsa na ɗan lokaci, saboda yana nuna wa na'ura abu ɗaya, yana nuna wa mutane wani. A 2011 babban kantin Amurka J.C. Penney ya rikito daga sama bayan jaridar New York Times ta tona cewa dubban shafukan da ke nuni gare shi na haɗi ne. A shekarar ce aka fito da gyaran lissafi mai suna Panda don hukunta shafuka marasa ƙwari, a 2012 kuma aka biyo da Penguin don kama masu shaidar ƙarya. Idan manya irin waɗannan ba su tsira ba, ina ga yaro mai kwamfuta ɗaya? Dillali na ƙwarai ya san cewa ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sai dai ko mai gaskiyar ba shi da tabbas, kuma a nan ne muke jan kunnen matasanmu. A kasuwar dabbobi, dillali ya san sarkin kasuwa, ya san inda zai kai kuka. A wannan kasuwa mai ita yana Kaliforniya, yana sauya lissafinsa sau da yawa a shekara, ba ya shawara da kowa. Aikin wata shida na iya rushewa a dare guda. Tun watan Mayu na 2024 kuma Google ya fara sa na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta rubuta taƙaitacciyar amsa a saman jeri, ta yadda mai tambaya zai iya samun biyan buƙata bai shiga shafin kowa ba. Ga kuma ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022, wanda mutane da yawa ke tambaya kai tsaye. Wanda bai iya komai ba sai dabarun faranta wa Google rai, ya gina ɗakinsa a filin aro. Wanda ya iya rubutu mai ma'ana, ya iya karanta alƙaluma, ya fahimci abin da mai saye ke so, shi ko kasuwa ta tashi zai samu wata.

Mu a Nijar muna da ƙarin nauyi. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana wutar lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a lokacin daga can muke samun mafi yawan wutarmu, ba ta komo ba sai watan Maris na 2024. Takunkumin ya kuma taɓa hada-hadar bankuna. Abokin ciniki da ke waje ba ruwansa da wannan, ranar da aka yi alkawari ita ya sani. Shi ya sa kafin yaron ya ci ribar farko, sai ya sayi faifan hasken rana da batir, ya ajiye layin waya biyu. Duk mai maganar sama wa matasa aikin yi, ya sani cewa ga irin waɗannan wuta da intanet mai araha sun fi musu kowane taron ƙara wa juna sani.

Ga ƴan kasuwarmu kuma, masu kilishi, masu albasar Galmi, dukawan Damagaram, masu shirin buɗe shafi, muna da shawara biyu. Duk wanda ya zo ya ce ku ba shi jikka kaza zai sa ku na ɗaya a Google cikin mako guda, ku sallame shi, domin kamfanin da kansa ya sha gargaɗi cewa ba mai iya ba da wannan tabbaci. Wanda kuma ya faɗa muku gaskiya cewa sai an yi watanni kafin a ga amfani, ku yi haƙuri da shi, ku nemi rahoto kowane wata, ku riƙe makullin shafinku a hannunku, ku kuma biya shi hakkinsa kan lokaci kamar yadda kuke biyan magini.

Akwai wata gona da ke jiran ƴaƴanmu. Miliyoyin mutane na magana da Hausa, suna da salula, suna tambaya kan farashin hatsi, ciwon dabba, takardun makaranta, amma abin da aka rubuta musu da harshensu a intanet kaɗan ne. Mai gogayya da Faransanci ko Ingilishi yana kokawa da duniya baki ɗaya. Mai rubuta amsa ta gaskiya da Hausa kuwa, fili a buɗe yake gabansa, kuma ba wani baƙo da zai fi shi sanin yadda mutumin Maradi ke yin tambaya.

Don haka iyaye, idan kuka ga ɗanku ko ɗiyarku sun rufe ɗaki da safe, kafin ku yanke hukunci ku shiga ku ce a nuna muku aikin. Idan na gaskiya ne, za a iya nuna shi, da sunan mai shi da rahotonsa. In kun gamsu, ku bar musu awoyinsu, ku aiki ƙanensu kasuwa.