Ƙarfe Nawa, Kuma Da Agogon Wa?

Agogon Nijar ba ya motsi. Rani da damina yana nan awa ɗaya gaba da GMT, daidai da na Najeriya. Amma wanda ya san Adar ya san da wuya ka shiga gida a Affala, ko Barmu, ko Takanamat, ka tarar ba su da ɗa a ci-rani. Rayuwarmu a ɗaure take da agogunan wasu ƙasashe, kuma a cikinsu akwai waɗanda ake turawa gaba a dawo da su baya sau biyu a shekara. Ba mu ke taɓa agogon ba, amma wahalar tana iso mu har tsakar gida.

Bambancin lokaci shi kaɗai ba abin damuwa ba ne, matuƙar yana tsaye wuri guda. Uwar da ɗanta ke Abijan ta daɗe da sanin cewa suna bayanmu da awa ɗaya. Wanda ke Libiya yana gabanmu da awa ɗaya, na Tamanrasat lokacinmu ɗaya da shi, Makka kuwa tana gabanmu da awa biyu. Sau ɗaya ake koyon wannan lissafi, ya zauna har abada.

Rikicin yana wajen masu canzawa. A lokacin sanyi, ƙarfe huɗu a Tawa ƙarfe huɗu ne a Faransa. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris sai su tura agogonsu, su wuce mu da awa ɗaya har Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ingila tana bayanmu da awa ɗaya a hunturu, ta kamo mu a bazara. Amurka tana nata canjin a Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadi ta farko ta Nuwamba, saboda haka akwai mako biyu zuwa uku a Maris da su da Turawa ma lissafinsu yake kwancewa. Masar ta dawo da wannan tsari a 2023. Maroko kuwa a 2018 ta koma tafiya daidai da mu, sai azumi ya kama ta ja baya da awa ɗaya. Wa zai riƙe wannan duka a ka?

Dubi abin da ke faruwa a ƙauye. Dattijuwa ba ta da waya mai hoto. Ɗanta da ke Turai ya bar saƙo cewa zai kira ƙarfe biyar ranar Lahadi. Ta sa jika ya kai wayar maƙwabci caji tun da safe, ta yafa mayafinta, ta tako zuwa tudun da ake samun rezo. Ta iso a kan lokaci, biyar ta yi cif. Shi kuwa ya kira tun ƙarfe huɗu namu, ya ji shiru, ya shiga aikin dare. Ta koma gida tana tunanin ko lafiya, shi ma yana can yana tunanin ko lafiya. Babu wanda ya saɓa alkawari a cikinsu, amma mako guda za su yi cikin zulumi.

Mai gidan kallon ƙwallo ma ya san wannan. Wasan Zakarun Turai da aka saba rubutawa da alli a allo ƙarfe tara na dare, da Afrilu ya kama sai ya koma ƙarfe takwas, daidai lokacin lisha. Ɗalibin da ke bin darasi ta intanet daga wata jami'ar waje, da ma'aikacin da aka gayyata taro ta kwamfuta, asararsu ta fi haka nauyi, don jarrabawa ba ta jiran wanda ya makara. Ga kuma wayar da aka aiko daga waje ba a gyara mata yankin lokaci ba: cikin dare za ta tsallaka awa ɗaya da kanta. A 2024 canjin Turai ya faɗo ranar 31 ga Maris, tsakiyar azumi. Allah ya sa a garuruwanmu muryar ladan da faɗuwar rana ake bi wajen buɗa-baki.

Masu wannan al'ada suna da dalilinsu. Jamus ce ta fara a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don tsimin gawayi. Faransa ta koma gare ta a 1976 bayan tashin farashin man fetur. A Paris yinin hunturu bai wuce awa takwas da ƴan mintoci ba, na bazara kuwa yana kai awa goma sha shida, shi ya sa suke son cin moriyar hasken yamma. Mu a Tawa yininmu yana tsakanin awa goma sha ɗaya da goma sha uku ne duk shekara, don haka ba mu da abin da za mu tsinta a ciki.

Turawan su kansu sun gaji. A 2018 Tarayyar Turai ta nemi jin ra'ayin jama'a, mutum miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin ɗari suka ce a daina. Majalisar Turai ta amince a Maris na 2019, amma gwamnatoci suka kasa daidaitawa, aka ci gaba da canjin. A Labanan, cikin Maris na 2023, gwamnati ta ɗage canjin saboda azumi, coci da wasu gidajen talabijin suka ƙi, ƙasa guda ta yi kwanaki da agogo biyu.

Wani zai ce mu koma ga namu, mu riƙa cewa bayan la'asar ko bayan magariba. A cikin gari wannan ya isa. Tsakanin ƙasashe kuwa ba ya fidda mu, domin a watan Yuni, lokacin da muka gama magariba har mun ci tuwo, rana ba ta faɗi a Paris ba sai kusan ƙarfe goma nasu.

Ra'ayina shi ne nauyin lissafi ya hau kan wanda agogonsa ya motsa. Ya ɗan'uwa da ke waje, kai ke da waya mai nuna lokacin birane biyu, kuma kai ka san ranar da aka canza. In za ka sa lokaci da Inna ko Baba, ka faɗa da agogon Nijar, ka maimaita. Gidajen rediyon Hausa na ƙasashen waje sun daɗe da wannan ladabi, kullum za ka ji suna cewa agogon Najeriya da Nijar. Ƙungiyoyi da makarantun da ke hulɗa da mutanenmu su yi koyi da su, su rubuta lokacinmu a kowace takardar gayyata. Masu cajin waya da masu gyaranta su duba yankin lokacin duk wayar da ta zo daga waje, su mayar da shi na Yamai. Gidajen rediyonmu na Tawa su tuna wa jama'a a makon ƙarshe na Maris da na Oktoba.

Alkawari kaya ne, kuma ba ya cika sai masu shi sun san da agogo ɗaya suka ƙulla shi. Duk wanda ya ce maka ƙarfe kaza daga wata ƙasa, kada ka ajiye waya sai ka tambaye shi: da agogon wa?