Filin Sana'a Da Fasaha: Akwatin Mai Koyon Haɗa Kayan Lantarki

Garin Miri yana bakin birnin Bauchi ne a kan hanyar Jos, kuma kamar sauran garuruwan da ke kewaye da manyan birane, da wuya a shiga gida a rasa rediyo, ko tocila mai caji, ko fitilar sola da ta mutu aka jefa a lungu. Da wuya kuma a rasa yaro mai ƙwazo wanda ya taɓa kwance ɗaya daga cikinsu don ya ga abin da ke ciki. Sau da yawa irin wannan yaro tsawa yake sha, alhali kuwa akwati yake bukata, da 'yan kaya kaɗan waɗanda aka zaɓa bisa hankali. Birnin Bauchi yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1979, da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa wadda aka kafa a 1980, amma hannun da zai amfana da waɗannan makarantu tun daga gida yake fara sabawa da aiki.

Abu na farko da ya kamata ya shiga akwatin shi ne mita, watau na'urar awon lantarki. Ba a ganin lantarki da ido, saboda haka mai aiki ba mita daidai yake da mai auna hatsi ba mudu. Da ita ake sanin ko batir na da sauran ƙarfi, ko waya ta tsinke a cikin robarta, ko fis ya ƙone. Ƙaramar mita mai nuna lambobi ta isa. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi kome da kome ba, to, ya fara da ita, domin wasu fitilun da ake zubarwa ciwonsu bai wuce tsinkewar waya ko lalacewar makunni ba.

Na biyu shi ne ƙarfen narka dalma, wanda masu gyara ke kira ayan. Mai ƙarfin wat 25 zuwa 40 ya wadatar. Wanda ya fi haka yakan ƙona ƙananan kaya. A haɗa da dalma siririya, wadda aka fi sani ita ce mai kashi 60 na kuza da kashi 40 na gubar dalma, tana narkewa a zafin da bai kai digiri 200 ba. A nan akwai gargaɗi. Jama'a ba su manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara. Don haka kada a riƙe dalma da haƙori, kada a yi aiki a inda ake cin abinci, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an gama. Sai sukuddireba manya da ƙanana, masu baki ɗaya da masu kai kamar tauraro, da filaya, da abin datse waya, da baƙin tef, da kuma allon gwaji mai huji-huji wanda ake soka kaya a jikinsa a gwada su kafin a liƙa da dalma.

Bayan kayan aiki sai kayan haɗi, kuma resista ce kan gaba. Aikinta rage gudun lantarki, ana auna ta da om. Ba a rubuta mata lamba, sai zobba masu launi: baƙi 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, toka-toka 8, fari 9. Zobe biyu na farko lambobi ne, na uku yawan sifirin da za a ƙara. Mai rawaya da shunayya da ruwan ƙasa ke nan om 470 ce. Mai koyo ya tanadi goma-goma na om 100, da 220, da 470, da 1,000, da 10,000, da 100,000.

Ga misalin amfaninsu. Ƙaramin ƙwan nan da ake kira LED, in ja ne, kimanin bolt 2 yake so, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turin lantarki. In aka jona shi kai tsaye da batir mai bolt 9, nan take zai ƙone. Amma in aka sa resista mai om 470 a tsakani, sai ta ɗauke ragowar bolt 7, abin da zai ratsa ƙwan bai wuce miliamfiya 15 ba, ya yi ta haske lafiya lau. Yaron da ya gane wannan lissafi ya riga ya kama dokar da Bajamushen nan Georg Ohm ya bayyana a 1827, wadda ita ce harsashin sana'ar duka.

Sai kafasita, mai ajiye lantarki na ɗan lokaci. Iri biyu ake bukata: 'yan ƙanana masu kama da ƙwayar magani, musamman mai lamba 104, da kuma masu siffar gwangwani na 100 da na 1,000, waɗanda aka rubuta musu bolt 25. Masu gwangwanin suna da ƙafar da aka yi wa alama. In an juya su sukan fashe. Zafi irin na bazarar Bauchi yana busar da su, shi ya sa mai gyara yakan fara duba wadda kanta ya kumbura. A ƙara da dayod mai lamba 1N4007, wadda ke barin lantarki ya wuce ta fuska ɗaya kawai, da tiransisto BC547 da BC557. Tiransisto, wadda aka ƙago a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1947, ita ce ta mai da rediyo abin ratayawa a kafaɗa. Daga cikin ƙananan aisi kuwa biyu sun isa farawa: 7805, mai daidaita wuta zuwa bolt 5 irin na cajin waya, da 555, wadda ta shiga kasuwa a 1972, ana haɗa fitila mai ƙiftawa ko ƙararrawar ƙofa da ita. Allon Arduino, wanda aka fara a Italiya a 2005, yana da amfani ƙwarai, amma sai an iya waɗannan tukuna.

Ba lalle ne a sayi kome sabo ba. Ana samun kayan a shagunan masu gyaran rediyo da talabijin na cikin Bauchi, da kasuwar Sabon Gari ta Kano, amma mataccen rediyo shi kansa rumbu ne: akwai lasifika, da makunni, da waya, da maɓallin ƙara murya. Kelvin Doe na Saliyo da kayan bola ya haɗa tashar rediyo a Firitawun tun yana yaro, har aka gayyace shi jami'ar MIT ta Amurka a 2012. Sai dai duk abin da aka ciro a auna shi da mita kafin a ajiye. Batiran litiyam na tsohuwar kwamfuta kuwa, masu lamba 18650, ba a cajinsu fiye da bolt 4.2, ba a huda su, ba a barinsu a rana, domin suna kamawa da wuta.

Babban sharaɗi shi ne mai koyo ya tsaya ga batir da ƙaramin faifan sola, kada ya wuce bolt 12. Wutar gida, wadda har yanzu jama'a ke kira wutar NEPA, bolt 230 ce, tana kisa. Tsohuwar talabijin da cikin caja sukan riƙe wuta ko bayan an zare su daga soket. Wannan fanni sai a gaban ƙwararren maigida.

Ajiya ma sana'a ce. Ashana da ta ƙare da kwalaben magani da aka wanke sun isa a rarraba kaya, a rubuta lamba a jikin kowanne. Da hunturu ƙura tana shiga ko'ina, busasshiyar iska kuma takan tara lantarki a jikin mutum har ya lalata aisi, saboda haka a taɓa ƙarfen ƙofa kafin a ɗauke ta. Da damina tsatsa ce abokiyar gaba, sai a rufe akwati sosai. A sa littafi da biro a ciki, a riƙa zana kowane haɗi kafin a kwance shi.

Iyaye a Miri da sauran garuruwa su lura cewa wannan akwati yana iya zama mafarin abincin yaro har tsufansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai kawo bayanin yadda ake karanta mita daki-daki.