Maigida, kai ma sai ka sha maganin



A kemis ɗin mahaifina na tashi, yau ni ke riƙe da shi, kuma abu ɗaya bai canza ba: mace ce ke zuwa neman maganin sanyi, mijinta ko leƙowa ba ya yi. Wannan ɗabi'a tana cutar da masu ciki da jarirai.

Cikin cututtukan da muke haɗawa mu kira sanyi akwai kilamidiya, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sabon kamu kusan miliyan 129 a shekarar 2020. Yawancin masu ita, maza da mata, ba sa jin komai, ita kuwa tana ɓarna a ɓoye. Idan ta hau bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, takan bar tabo. Sai ciki ya ƙi shiga, ko ya zauna a bututun, wanda in ya fashe jini zai iya kashe mace. Ga mai ciki kuma, ana danganta ta da fashewar faya kafin lokaci da haihuwar bakwaini. Jariri kan kwashe ta wajen fitowa: ido ya kumbura yana fitar da mugunya cikin mako biyu na farko, ko ciwon huhu ya biyo baya.

Maganinta ba wuya. Mai ciki akan rubuta mata azitromaisin ta sha sau ɗaya. Doksisaikilin, da ake ba sauran mutane, bai dace da ita ba, don haka kada ta sayi kafso a tasha. Amma in an yi wa mace magani an bar miji, shi zai sake mayar mata. In akwai kishiya, ita ma a duba ta. Kowa ya sha nasa, a ƙaurace wa shimfiɗa kwana 7.

Na san abin da ke hana maza zuwa: kunya da tsoron zargi. To, cutar kan daɗe a jiki ba a sani ba, wani lokaci tun daga auren baya. Samunta ba hujjar cin amana ba ce.

'Yan'uwa mata, idan kun je awon ciki ku faɗa wa ungozoma duk wani ruwa ko zafin fitsari. Malamai da sarakunan zongo, ku tsawata wa maza su raka matansu asibiti, kafin a ɗora wa baiwar Allah laifin rashin haihuwa.

Allah ya sauki masu ciki lafiya.