Kada a raba yaro da Hausa don a koya masa Larabci

'Yan uwa na Jabal Awliya da Khartum da Umdurman.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da karatun yaranmu, har wasu suka manta baƙin da suka sani. Duk inda aka koma ga allo da littafi, muna roƙon a bar wata tsohuwar al'ada: hana yaro furta Hausa a wurin karatu, wai don Larabcinsa ya miƙe.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da alhazan da hanya ta zaunar a bakin Nilu, da Hausa da Fulatanci suka fahimci Ahalari da Ishmawi da Risala. Malam ya karanta kalma, ya fassara, almajiri ya maimaita. Masanin ilmin harshe Jim Cummins ya bayyana tun 1979 cewa abin da yaro ya ƙware a kai cikin harshen gida yana ƙetarawa zuwa harshe na biyu. Yaron da ya gane ma'anar tsarki da Hausa, lafazin Larabcin kawai ya rage masa.

Masu binciken tunanin ɗan Adam sun tabbatar da wasu abubuwa uku da makarantar allo ta daɗe tana yi. Na farko, zuciya ba ta ɗaukar sabon abu da yawa a lokaci guda, shi ya sa ake rubuta wa ƙaramin yaro aya kaɗan. Na biyu, Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna a 1885 cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaici a rarrabe cikin kwanaki ya fi na zama ɗaya. Wannan shi ne tilawa. Na uku, binciken Roediger da Karpicke na 2006 ya nuna cewa ƙoƙarin tuno abu da ka ya fi sake duba shi zaunar da shi; wannan shi ne biya wa malam kafin a wanke allo. Me zai hana mu koyar da kalmomi da nahawu ta wannan hanya, tare da ma'ana?

Inda muke da gyara shi ne wajen waɗanda ake bari a baya. Akwai yaron da ɗigon ba da ta ke rikita masa ido, alhali hankalinsa garau yake. Akwai mai nauyin ji, da mai in'ina, da yarinyar da aikin gida ya cinye mata hantsi, da wanda ƙarar bindiga ba ta bar kunnensa ba. Bulala ba ta warkar da ko ɗaya, domin tsoro yana cike gurbin da karatu zai zauna. A matso da mai nauyin ji gaban malam. A manyanta baƙi ga mai rikicewa, ya bi shi da yatsa a kan rairayi. A yi wa mai in'ina haƙuri ya kai ƙarshen zancensa. Nana Asma'u ta kai ilmi ga matan ƙauye da waƙoƙin Hausa da Fulatanci, ba ta jira sai sun iya Larabci ba.

Wani zai ce jarrabawa da Larabci ake yi, kasuwa ma haka. Gaskiya ne, kuma don haka muke son hanyar da ta fi saurin kai yaro can. Tun da ya san haruffan Larabci, a sa shi ya rubuta sunan kifi da na kakarsa da ajami, sa'an nan ya juya su. Harshe biyu zai tashi da su, ya yi hira da tsohuwarsa ba tare da tafinta ba.

Iyaye, ku tambayi malaman 'ya'yanku wannan magana cikin ladabi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya yi wa zuriya albarka.